Mayen Ƙarfe a Cikin Karsana

Alhamis: Ƙofar Taramniya, shida saura kwata

Ana sallame asuba na fito daga masallacin unguwa a nan Sakkwato, na tarar kakana, Alhaji Mode, ya riga ni zuwa gindin motarsa yana goge mata goshi da tsumma. A gidansa na kwana, domin ya ce in na tsaya sai na taso daga gidana na Mabera da safe, to in biyo shi Kano a ƙasa. Ragon sunan da za mu kai wa ƙanensa, Alhaji Garba, wanda aka yi wa jika, yana ɗaure a bayan motar a kan buhu, yana kallona kamar ni na kawo shawarar tafiyar.

Bari in gabatar muku da motar, tunda ita ce amaryar wannan labari. Doguwa ce irin ta da, mai wajen kaya a baya, kuma shekararta talatin da huɗu a hannun Alhaji. Shi yana ce mata Karsana. Mu jikoki, in ba ya kusa, Guzuma muke cewa. Mitar da ke ƙirga mata tafiya ta rasu tun ina firamare, don haka duk kilomitar da za ku gani a nan daga wayata na samo ta.

Alhaji mahauci ne ɗan mahauta, shekara hamsin yana fawa kafin ya bar wa 'ya'yansa wuƙa. Yanzu shekararsa saba'in da takwas, kuma har gobe shi ke tuƙa kansa: suna a Gusau, ta'aziyya a Jega, cinikin shanu a Illela. Duk ranar da ya ɗauki hanya, mahaifina da Baffa Sani ba sa iya cin abincin kirki sai sun ji ya sauka. Amma wa zai dubi idon uba ya ce masa ya ajiye makulli? Sau uku suna shiga zaurensa da maganar, sau uku suna fitowa da hirar tsadar dusa. Ƙarshe suka tuna cewa abin da ɗa ba ya iya faɗa, jika yana faɗarsa yana dariya. Aka kira ni, Bello, malamin kimiyya a makarantar sakandare, aka ɗora mini kayan.

Ni kuwa na zo da dabarar 'yan boko. A ƙasan kowane inji akwai noti guda da makanike ke kwancewa ranar juye, tsohon baƙin mai ya zubo. Wanda na sayo naira dubu huɗu da ɗari biyar irinsa ne sak, sai dai an dasa masa ɗan mayen ƙarfe a kai, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. In ƙarafan cikin inji suna cin juna, ɓarɓashin da ya biyo mai zai manne a jikinsa.

"Tsoho," na ce masa, "Guzumarka ta fara cin kanta. Mu sa mata notin ga, mu tahi Kano mu komo, a kwance shi gaban jama'a. In anka ga ɓarɓashin ƙarhe, ka ba da makulli. In ba a gani ba, ba mai sake ɗaga maganar."

Ya juya notin a tafin hannunsa, ya kai shi kusa da makullinsa, suka manne ƙyas.

"Malamin alli," ya ce, "na sha hidda ƙusa cikin tumbin sa, ga shi da ƙiba, shina tahiya lahiya lau. Na san ciki na ɓoye abu. Amma Karsana ba ta haɗiye komi ba. Na yarda. Ubanka da Sani su zo su gani da idonsu."

Ranar Laraba muka yi juye a garejin Malam Ɗanjuma da ke Ƙofar Atiku, sabon mai, sabuwar filta. Na dage ni zan ɗaure notin da hannuna, don kada a ce an yi maguɗi. Ku riƙe wannan a ranku.

Shida saura kwata Alhaji ya murɗa makulli. Injin ya tashi da wani ɗan ƙwas-ƙwas na daƙiƙa biyu, daidai lokacin da tari ya sarƙe Alhaji, ya bi shi da bisimilla mai ƙarfin da ta tsorata rago. Na ce masa sannu, muka fita gari.

Talata Mafara, takwas da minti biyar

Tsakiyar damina ce, gero ya kai ƙirji dama da hagu, ramukan hanya sun cika da ruwa ba ka sanin wanne ne na wasa wanne ne rijiya. Alhaji ya san su da suna. Muka wuce Shuni, muka wuce Dange, gudunmu bai taɓa haura saba'in ba, har wani mai babur ɗauke da buhun albasa ya wuce mu yana ɗaga mana hannu.

"Tsoho, ka ga mai albasa ya bar mu."

"Bar shi. Shi lahira za shi, mu Kano."

A shingen Tureta wani jami'i ya leƙo, suka haɗa ido da ragon. Ya ce, "Baba, na sayarwa ne?" Alhaji ya ce, "Na suna na, ɗana. In ka iso Kano gobe da sahe, hanta taka ta." Jami'in ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Shinge huɗu muka wuce kafin Mafara, a kowanne sai da Alhaji ya yi kyautar hantar nan guda ɗaya.

Kilomita ɗari da 'yan kai muka yi kafin mu tsaya karin kumallo. Shayi biyu, burodi da ƙwai, naira dubu biyu da ɗari huɗu. A bencin mai shayin akwai wani direban haya mai jan ido, kuma kafin in kurɓa sau biyu Alhaji ya riga ya kai ƙarata wurinsa.

"Ɓarnar kuɗɗi," in ji direban. "Malam, mi hilta ka yi cikin mota? Ba kamun datti na aikinta ba? In ta kama, mi yar rage wa noti?"

Na gyara zama na soma karatu: filta tana da ƙananan ƙofofi, akwai garin ƙarfen da ya fi su ƙanƙanta, shi ne ke wucewa. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce shi dai juye yake yi kan kari, da man kirki, kuma injinsa bai taɓa kai ƙararsa ba. Gaskiyarsa ce kuwa, domin duk littafin da na karanta da wannan ya fara. Alhaji ya biya masa kuɗin shayi.

Gusau, goma da minti ashirin

A gidan mai ne asirina ya tonu. Mai zuba mana fetur ya durƙusa ya ce, "Alhaji, motarka na zubda baƙin mai." Muka leƙa, ga shi yana ɗiga, ɗis, ɗis, daga bakin sabon notina. Wani makanike da ke gefe ya shiga ƙasa ya fito ya ce babu washa, wato ɗan zoben da ake sa wa noti don ya toshe ɗiga. Na sa hannu a aljihun rigar da na sa ranar Laraba, wadda kuma ita ce a jikina. Ga washa nan lafiya lau, tare da guntun alli.

Ba a taɓa yi mini dariya a bainar jama'a irin ta ranar ba. Alhaji ya tara mai fetur, da mai sayar da rake, da wasu fasinjoji da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

"Ku taho ku ga alƙalin da za shi yanke ma Karsana hukunci! Gwamnati ta ba shi ɗiyan mutane shi koya musu kimiyya, washa ta gagare shi."

Minti arba'in muka jira injin ya huce. Makaniken ya kwance notin, ya toshe ramin da babban yatsa, ya zura washa ya mayar, kafin ka ce kwabo. Na roƙe shi kada ya goge kan notin. Alhaji kuwa juya baya ya yi tun farko, ya ce ba a buɗe tukunya tun ba ta nuna ba. Muka ƙara rabin litar mai, na biya naira dubu na aiki daga aljihuna, ba tare da an ce in biya ba.

Funtuwa, biyu saura kwata

Tsakanin Gusau da Funtuwa akwai wuraren da direbobi ba sa son tafiya su kaɗai, don haka muka bi sahun wasu motoci biyar. Nan hira ta mutu. Alhaji ya riƙe sitiyari da hannu biyu, leɓensa na motsi, har Karsana ta taɓa tamanin, abin da ban taɓa gani ba. Sai da muka hango Funtuwa ya saki numfashi ya tambaye ni ko washa tana nan.

Muka yi azahar da la'asar a haɗe, muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a wata rumfa, naira dubu uku mu biyu. Rago ya samu harawa da ruwa. A rumfar muka haɗu da wani dattijon direban tirela, wanda ya saurari shari'armu har ƙarshe ba tare da ya yi dariya ba, Allah ya saka masa.

"Ai ba sabon abu ba ne," ya ce. "Akwatin giyar motata da shi ya zo tun daga kamfani. Amma ku sani, ba magani ba ne, ɗan rahoto ne. In kun kwance kun ga baƙin abu mai laushi kamar kwalli, wannan ba komai, kowane inji yana yi. In kun ga tsinke-tsinke kamar ƙaya, to ku fara neman wani injin."

"Kwalli muka so," in ji Alhaji. "Karsana mace ta."

Gwarzo zuwa Kano

Bayan Malumfashi da Dayi aka kece da ruwa. Abin goge gilashin Karsana guda ɗaya ke aiki, shi ma sai ya yi shawara kafin kowane zuwa. A Gwarzo muka rage gudu saboda tudun hanya, sai na ga wata jar fitila ta ƙyafta a gaban Alhaji, ta mutu, ta sake ƙyaftawa. Fitilar mai ce. Kafin in buɗe baki, Alhaji ya ciro hankici ya share fuska, ya shanya shi a daidai wurin, wai ya sha iska.

Na kau da kai. Da muka tsaya ya kama ruwa, na ga yadda yake ɓamɓare yatsunsa daga sitiyari ɗaya bayan ɗaya, ya dafa ƙofa ya jima kafin bayansa ya miƙe. Na ce ya kawo in karɓe shi. Ya ce wanda ya mance washa ba ya taɓa masa sitiyari.

Shida saura minti ashirin muka shiga Kano ta Kabuga, bayan kilomita ɗari biyar da ɗoriya. Alhaji Garba ya tarbe mu a ƙofar gida, 'ya'yansa na ta "Sakkwatawa, kun taho lahiya?" suna ƙunshe dariya. Alhaji ya ce ba laifinsu ba ne, ubansu ne ya zo Kano shekara arba'in da suka wuce ya sayar da harshensa ya sayi rumfa. Aka sauke mu a ɗakin zaure, katifa biyu da fanka mai kukan kurciya, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe.

Juma'a: Kano

Da hantsi aka raɗa wa jariri suna, aka yanka ragon da ya sha tafiya da mu. Gidan mahauta ne, kowa gwani, amma da aka farke ciki duk suka ja baya suka ba Alhaji wuri. Ya ɗauko hantar, ya fita da ita inda rana take, ya karkata ta, ya bi ta da babban yatsa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Tun ina yaro nake ganinsa yana haka, ban taɓa tambayar dalili ba.

Wani daga cikin 'ya'yan gidan ya ce, "Baba, ai wannan ragon ko makaho ya shafa ya san lafiyayye ne."

"Ƙiba ta mai saye ta," in ji Alhaji. "Mahauci hanta shika dibi." Ya juya ta sau ɗaya, sannan ya ce a ci.

Bayan sallar Juma'a na zaga kasuwar kayan mota, wai in ƙara ilimi. Mai shagon farko ya rantse mini cewa notin nan yana mayar da tsohon inji sabo, yana rage shan mai, kaɗan ya rage ya ce yana maganin basir. Maƙwabcinsa, wanda nasa suka ƙare, ya ce in yi hattara da na arha, domin mayen yakan ɓalle ya faɗa cikin inji. Na tambaye shi nawa ne na arhar. Ya faɗi kuɗin da ya yi kusa da wanda na biya.

Da la'asar Alhaji Garba ya kira ni gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Ya ce ya ji labarin noti. Ya tambaye ni ko na san kujerar da na zauna a kai daga Sakkwato ta wace ce. Na ce ta kakata ce, Hajiya Inno, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce.

"To, kafin ta rasu, sau biyu a shekara yake zuwa Kano, tana gefensa tana yi masa faɗan gudu. Tun da ta tafi, ko kaza aka haifa sai ya zo barka. Ba hanyar yake so ba, Bello. Gidan ne ya yi masa faɗi."

Wallahi kunya ta kama ni. Na taso da notina ina jin kaina mai wayo, ban taɓa tsayawa na tambayi me za a bar wa tsohon nan in aka karɓe makullin ba. Tsoron su mahaifina gaskiya ne, na ga yatsunsa a Gwarzo da idona. Amma daga wannan la'asar na daina sanin ɓangaren da nake.

Asabar: komowa

Ƙarfe shida daidai muka bar Kano, da ƙullin naman suna da kwalin alkaki a inda rago ya zauna. Da aka murɗa makulli, ƙwas-ƙwas ɗin nan ya dawo, tarin Alhaji ma ya dawo a kan lokaci. Wannan karon ni ma na taya shi tarin. Ya dube ni ta wutsiyar ido.

Funtuwa goma da kwata, Gusau ɗaya da rabi, inda makaniken washa ya hango mu ya ɗaga mini babban yatsa. A hanya Alhaji ya dinga nuna mini wurare: ga kukar da suka taɓa yin faci shi da Hajiya ana azumi, ga inda take sa shi tsayawa sayen tumatir duk da akwai shi a Sakkwato, ga gadar da ta ce in ya sake wuce tirela a kanta za ta sauka ta hau jaki. Hankici yana shanye a wurinsa tun daga Gwarzo, ya bushe ƙayau amma ba a ɗauke shi ba.

Daga Mafara zuwa Dange, ni da na sayo mayen ƙarfe da kuɗina, addu'a nake yi kada ya kama komai. Shida saura minti goma muka tsaya a Ƙofar Taramniya. Mahaifina da Baffa Sani suna zaune a dakali, wai iska suke sha.

Lahadi: garejin Ƙofar Atiku, ƙarfe goma

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malam Ɗanjuma ya ɗaga Karsana, ya tura daro a ƙarƙashinta. Mahaifina da Baffa Sani suka tsaya gefe guda hannu a baya kamar masu jiran gawa. Alhaji ya sa babbar riga da hula, ya zauna a kan benci ya harɗe ƙafa.

Mai ya zubo, aka miƙo mini notin a kan farar takarda. Mayen yana nan daram, bai ɓalle ba. A kansa akwai ɗan baƙin abu da bai kai a shafa wa ido ɗaya ba. Na murza shi tsakanin yatsu, laushi kamar kwalli, babu tsinke ko ɗaya. Malam Ɗanjuma ma ya murza ya gyaɗa kai.

"Karsana ta ci shari'a!" na faɗa da ƙarfi, har muryata ta ba ni kunya. "Alƙawari ya cika. Ba mai sake magana."

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Baffa Sani ya ce, "To, Alhamdu lillahi," da muryar wanda aka ce masa an ɗage albashi. Na juya in yi wa Alhaji barka, na ga ko murmushi bai yi ba. Ya tashi ya naɗe hannun riga.

"Ɗanjuma, hiddo min daron ga waje."

Aka fito da daron cikin rana. Alhaji ya durƙusa, da ƙyar, ya karkata shi, ya tsoma babban yatsa ya bi gindin daron a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗago hannun. A cikin baƙin man akwai wani ƙyalli ja-ja, ɗigo-ɗigo, yana wasa da hasken rana.

"Malamin alli, wanga hwa? Mi yas sa mayenka bai kama shi ba?"

Na san amsar, ita nake koya wa 'yan aji ɗaya kowace shekara da ƙusa da guntun waya. Mayen ƙarfe ba ya kama tagulla, ba ya kama dalma, ba ya kama sanholo. Kuma abin da makanikai ke kira mital, 'yan ɓawon da babbar sandar inji ke juyawa a kansu, da irin waɗannan ake shimfiɗe su. Na faɗa masa haka, muryata a ƙasa. Malam Ɗanjuma ya ce mital ɗin sun cinye har sun kai tagulla, shi ne ƙwas-ƙwas ɗin safe, shi ne jar fitila. Ya ce cikin gari a hankali za ta ɗan ja, amma doguwar hanya, ko yau ko gobe injin zai buga, kuma ba ya zaɓen wurin bugawa.

"Tsoho," na ce, "sharaɗinmu noti na. Noti ya wanke ta. Ba wanda yac ce ka dibi daro."

"Awo, na sani." Ya goge yatsansa da takardar. "Wata huɗu ina jin ƙarar ga, ina tari bisa gare ta. Shekara hamsin ina fawa, ban taɓa ganin cuta ga hanta in rataye naman ba, don mai saye bai gani ba. Yau ba ni farawa da kaina." Ya dubi 'ya'yansa biyu. "Ku kuma, na san ba Karsana ɗai kunka aiko a gwada ba. Da ita da mai ita duk sun kai tagulla."

Baffa Sani ya juya yana kallon bango. Mahaifina ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yahe muna." Alhaji ya ce ya tashi kada ya ɓata wandonsa da baƙin mai, ba shi da mai wanki.

Aka zuba sabon mai, aka mayar da notin, da washa, Malam Ɗanjuma ya ɗaure da kansa. Alhaji ya ciro makullin ya riƙe shi jim, sannan ya miƙo mini.

"Kai ta gida. In ka wuce ashirin, na tsine ma allinka."

Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, ya zauna a kujerar da bai taɓa zama a kai ba shekara talatin da huɗu. Na ɗauke hankicin daga gaban fitila na ba shi. Daga Ƙofar Atiku zuwa Ƙofar Taramniya tafiyar 'yan mintuna ce, amma ita ta fi mini ta Kano tsawo. Yana ta kallon waje, masu shaguna na gaishe shi ta tagar da ba su saba ba. Muna dab da kwanar gida ya ce, ba da ni yake ba:

"Ashe haka Inno ka ganin garin."

Na yi kamar ina duba madubi.

Mabera, bayan azahar

Na ajiye Karsana a rumfarta, na shiga ɗan gwangwanin motata na iso gida Mabera ƙarfe biyu da rabi. Masu tambayata ko notin mai mayen ƙarfe ya cancanci kuɗinsa, ga abin da na gano a kilomita dubu da 'yan kai: ku saya in kuna so, na kirki, ku sa masa washa. Ba zai warkar da inji ba, ba zai maye gurbin filta da juye kan kari ba, kuma abin da ya gani kaɗai yake faɗa. Ranar juye ku fitar da daron rana ku duba da kanku.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Godiya ga Alhaji Garba da iyalinsa, da direban tirelan Funtuwa, da makaniken Gusau da ya rufa mini rabin asiri, da Malam Ɗanjuma. Ban gama cire takalmi ba waya ta yi ƙara. Alhaji ne. Ya ce an yi haihuwa a Jega, suna ranar Asabar, in zo da gwangwanina tun asuba, kuma in zo da shirin jin faɗan gudu, domin yanzu shi ne zai zauna a gurbin Inno.